Michael Jones: Gwanin Zari-Ruga Da Ya Ƙi Sayar Da Ranar Lahadi

Ran Lahadi 27 ga Oktoba 1991, ƙasar Niyu Zilan ta kara da Ostireliya a birnin Dablin na ƙasar Ayalan, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta ƙwallon zari-ruga. Niyu Zilan ce ke riƙe da kofin tun 1987. Amma ran nan ta shiga fili ba tare da ɗaya daga cikin manyan gwanayenta ba. Lafiyarsa ƙalau, ba a kore shi ba, bai kuma yi faɗa da kowa ba. Ranar Ubangiji ce, shi kuwa Michael Jones ba ya wasa ran Lahadi. Ostireliya ta ci su 16 da 6, kofi ya kuɓuce musu.

'Yan'uwa cikin Kristi, mun ga ya kamata mu kawo muku labarin wannan mutum, ko da yake ƙasarsa na da nisa ƙwarai, wasan nasa kuma baƙo ne ga yawancinmu. Mun saba jin shaidar waɗanda suka tsaya domin Ubangiji, sai nan da nan aka sāka musu. Labarin Jones ya ɗan bambanta, gama shi ya biya tsada sau da sau, bai kuwa sāke magana ba.

Wane Irin Wasa Ne?

Zari-ruga wasa ne na mutum 15 a kowane gefe, ana yinsa minti 80. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana ɗaukarta a hannu a ruga da ita, ana kuma bugunta da ƙafa. Ba a jefa wa abokin wasa ita ta gaba, sai dai ta baya ko ta gefe. An yarda a cafke mai ƙwallo a kā da shi ƙasa. Babban ci shi ne mutum ya kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya dire ta a ƙasa. A farkon zamanin Jones wannan direwa maki 4 ce, sai a 1992 aka mai da ita 5.

A Niyu Zilan, wata ƙasa ta tsibirai da ke kudu maso gabashin Ostireliya, wannan wasa shi ne abin alfaharin jama'a. Ana kiran 'yan wasan ƙasar All Blacks saboda baƙaƙen kayan da suke sawa. Mutanen ƙasar ba su kai miliyan 4 ba a lokacin da muke magana a kai, duk da haka da wuya a sami ƙasar da za ta tsaya a gabansu. Burin kusan kowane yaro shi ne ya sa baƙar rigar nan. To, ku dubi nauyin da ke kan saurayin da ya sami rigar, sa'an nan ya ce akwai ranar da ba zai sa ta ba.

Asalinsa

An haifi Michael Niko Jones ran 8 ga Afrilu 1965 a Okland, birni mafi girma a Niyu Zilan. Ya tashi a unguwar Te Atatu da ke yammacin birnin. Mahaifinsa Bature ne, ya rasu yaron yana da shekara 4. Mahaifiyarsa mutuniyar tsibirin Samowa ce, ita ce kuwa ta goye shi cikin tsoron Allah, tare da taimakon danginta da ikkilisiya.

Sai mun san wani abu game da Samowa kafin mu gane Jones. Bishara ta kafu a can tun 1830, sa'ad da John Williams na Ƙungiyar Mishan ta London ya sauka a ƙauyen Sapapali'i, sarki Malietoa kuwa ya karɓe shi. Ba a daɗe ba mutanen Samowa da kansu suka zama masu kai bishara zuwa waɗansu tsibirai. A ƙauyukansu Lahadi ranar fararen tufafi ce, da sujada, da babban abincin rana na iyali duka, da hutawa. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Okland neman aiki sun tafi da wannan tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da Jones ya riƙe a gaban dubban 'yan kallo, a gaban mahaifiyarsa ya koye shi.

Ya yi makarantar sakandare ta Henderson, ya yi wasa a kulob na Waitemata. A 1985 mai horarwa John Hart ya ɗauke shi cikin 'yan wasan lardin Okland. A shekarar ce Okland ta ci garkuwar Ranfurly, wadda larduna ke ƙwace wa juna, ta kuma riƙe ta har 1993, bayan ta kāre ta sau 61. Wasansa na farko na ƙasa da ƙasa kuwa ƙasar mahaifiyarsa ya yi wa. A 1986 ya sa rigar Samowa ta Yamma, suka kara da Wels.

Shekarar 1987

A 1987 aka fara gasar cin kofin duniya ta zari-ruga, ƙasashe 16 suka shiga, Niyu Zilan da Ostireliya suka karɓi baƙi tare. Wasan buɗewa an yi shi ran 22 ga Mayu a filin Eden Park na Okland, tsakanin Niyu Zilan da Italiya. Ran nan ne Jones ya fara sa baƙar riga, yana da shekara 22. Makin farko alƙalin wasa ne ya bayar a kan laifin da 'yan Italiya suka yi. Bayan wannan sai Jones ya dire ƙwallo, ya zama mutum na farko da ya yi haka da hannunsa a tarihin gasar. Aka tashi 70 da 6.

Lambar rigarsa 7. Aikin mai wannan lamba shi ne ya riga kowa isa inda ƙwallo take, ya kā da mai ɗauke da ita, ya ƙwato ta, ya kuma bi bayan abokinsa mai gudu domin a miƙo masa. Aiki ne na wahala, mai cin jiki. Jones yana da ƙarfin 'yan gaba, ga saurin 'yan baya, ga tsalle, ga hannu mai kama ƙwallo. John Hart ya taɓa kwatanta shi da ɗan wasan da ya kusa cika ba aibi. Aka yi masa laƙabi da Iceman, watau Mai Ƙanƙara, saboda sanyin ransa a fili, da kuma yawan ƙanƙarar da yakan ɗora a kan raunukansa bayan wasa.

Wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo ran Lahadi 14 ga Yuni, a birnin Birisben na Ostireliya, da ƙasar Wels. Saurayin da bai yi wata guda da shiga ƙungiya ba, wanda wani zai iya gāje wurinsa, bai shiga fili ba. Masu zaɓe sun san da haka tun kafin su ɗauke shi, gama bai ɓoye musu ba. Niyu Zilan ta ci 49 da 6 ba tare da shi ba. Ran Asabar 20 ga Yuni aka mai da shi wurinsa a wasan ƙarshe da Faransa. Shi ne ya dire ƙwallo ta farko, aka tashi 29 da 9, Niyu Zilan ta ɗauki kofi. Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce ai ba shi da wuya. Ya kiyaye Lahadi, ya kuma sami kofi.

Gwiwa Ta Lalace

A watan Yuli 1989, a birnin Welington, ana wasa da Ajantina, gwiwarsa ta yi mummunan rauni, jijiyoyin da ke riƙe da ita suka tsinke. Mutane da yawa sun ɗauka wasansa ya ƙare ke nan. Shekararsa 24 kacal. Aka yi masa aiki, ya shiga jiyya da motsa ƙafa wata da watanni, abokansa suka tafi rangadin Wels da Ayalan suka bar shi a gida. A 1990 ya komo fili.

Mun tsaya a kan wannan domin akwai koyarwar da ke cewa mai aminci ba ya ganin wahala. Ga mutumin da ya ba Allah ranarsa, ga shi kuma kwance da sandunan guragu a gefen gado. Littafi Mai Tsarki bai yi mana alkawarin cewa jikinmu ba zai ji ciwo ba. Ayuba ya ji, Bulus ma ya roƙi a cire masa ƙayarsa har sau uku, aka ba shi alheri maimakon haka. Jones bai ce tun da Allah bai tsare masa gwiwa ba, to, bari ya janye nasa alkawari. Ya komo da gwiwa mai tabo, ra'ayinsa a kan Lahadi kuwa yana nan yadda yake.

Tsadar Da Ya Biya

A gasar 1991 ma shi ne ya dire ƙwallo ta farko, ran 3 ga Oktoba a filin Twickenham na London, inda suka ci Ingila 18 da 12. Sai dai masu tsara gasar sun sa wasanni uku na Niyu Zilan a ranakun Lahadi: da Italiya ran 13 ga Oktoba, da Kanada ran 20, da kuma Ostireliya ran 27. Duka ukun bai yi ba. Na ukun shi ne wanda muka fara da shi, inda David Campese ya gagari 'yan Niyu Zilan. Jones ya koma fili ran Laraba, suka ci Sikotland a wasan neman matsayi na uku.

Ba wanda zai iya rantsewa cewa da ya yi wasa da sun ci. Amma tambayar ta daɗe a bakin mutanen ƙasar. A wannan karo tsadar ba a kansa kaɗai ta faɗa ba, ta shafi abokan wasansa da suka yi shekaru suna shiri, ta kuma shafi ƙasa duka. Kada mu raina wannan. Ya fi sauƙi mutum ya jure asarar kansa da ya dubi fuskar abokin da yake ganin an bar shi a tsakiyar yaƙi. Abin da ya sa abokansa ba su ƙi shi ba shi ne sun san matsayinsa tun farko, sun kuma san cewa ran Asabar ba wanda ya fi shi ba da jikinsa dominsu.

A 1995 kuwa aka kai gasar Afirka ta Kudu. Mai horarwa Laurie Mains ya duba tsarin wasanni, ya ga wasannin da za su kai su ga na ƙarshe a ranakun Lahadi za a yi su. Sai ya bar Jones a gida ɗungum. Haka kuwa aka yi: sun kara da Sikotland ran Lahadi 11 ga Yuni, da Ingila ran Lahadi 18 ga Yuni, ranar da saurayi Jonah Lomu ya dire ƙwallo sau 4. A wasan ƙarshe Afirka ta Kudu ta ci su 15 da 12, Shugaba Nelson Mandela ya miƙa kofi. Jones yana da shekara 30, wannan ce kuwa damarsa ta ƙarshe ta zuwa gasar duniya a matsayin ɗan wasa. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta isa a duba maganarsa. Bai faɗe ta ba.

Zamanin Kuɗi

Har zuwa wannan lokaci, bisa doka, ba a biyan 'yan zari-ruga albashi. Jones ya haɗa wasa da karatu a Jami'ar Okland, inda ya sami digiri har uku, ciki har da digiri na biyu da kuma na tsara birane. A watan Agusta 1995 hukumar wasan ta duniya ta buɗe ƙofa, zari-ruga ya zama sana'a. Daga nan kwantaragi da gidajen talabijin suka sami babbar murya a kan ranar da za a yi wasa. Jones ya shiga wannan sabon zamani yana ɗan wasa mai albashi, da sharaɗinsa na dā.

Raunin gwiwa da shekaru sun rage masa sauri, sai ya koma lamba 6, inda aka fi bukatar ƙarfi da kā da mutum, ya bar wa Josh Kronfeld lamba 7. Babban gwani ne ya yarda ya koyi sabon aiki, ya kuwa ƙware a ciki. A 1996, a ƙarƙashin tsohon malaminsa John Hart, yana cikin waɗanda suka ci Afirka ta Kudu wasa 2 cikin 3 a gidanta. Tun 1928 Niyu Zilan take zuwa can, ba ta taɓa cin jerin wasanni ba sai a wannan shekara. Ƙungiyarsa ta Blues ta Okland kuma ta ci sabuwar gasar Super 12 a 1996 da 1997.

A 1997 gwiwa ta sāke lalacewa a wasa da Fiji. Ya sāke jiyya, ya sāke komowa. Wasansa na ƙarshe ga ƙasa a 1998 ne, ya kuma bar wasa gaba ɗaya a 1999. Duka duka ya yi wa Niyu Zilan manyan wasanni 55, ya dire ƙwallo sau 13. Da ba don raunuka da ranakun Lahadi ba, da lissafin ya fi haka nesa.

Ana ba da labari cewa an taɓa tambayarsa yadda mai bi kamarsa yake kā da mutane da ƙarfi haka. Sai ya amsa cikin raha da maganar Ubangiji da ke Ayyukan Manzanni 20:35, a kan albarkar mai bayarwa da ta fi ta mai karɓa. Bangaskiyarsa ba ta sa ya zama rago ba, ba ta kuma hana shi dariya ba.

Bayan Wasa

A 2003 aka sa sunansa cikin jerin fitattun 'yan zari-ruga na duniya. Daga 2004 zuwa 2007 ya horar da 'yan wasan Samowa. A gasar duniya ta 2007 a Faransa wasa ɗaya kawai suka ci cikin huɗu, suka komo gida tun zagayen farko. Babban aikinsa kuwa yana cikin unguwannin Okland, inda ya ba da kansa ga taimakon iyalai marasa ƙarfi da abinci, da kuma ilimin 'ya'yan mutanen tsibirai. A 2017 aka ba shi sarautar Sir. Dalilin da aka rubuta shi ne hidimarsa ga jama'ar tsibiran Fasifik da matasa. A 2018 aka zaɓe shi cikin hukumar gudanar da zari-ruga ta Niyu Zilan.

Ba Dukan Masu Bi Suka Yi Kamarsa Ba

Jones ba shi ne na farko ba. A wasannin Olimfik na 1924 a Faris, Eric Liddell na Sikotland ya ƙi tseren mita 100 domin an sa zagayen farko ran Lahadi, ya shiga na mita 400 ya ci zinariya. Daga baya ya tafi aikin mishan a ƙasar Sin, ya rasu a sansanin tsare mutane a 1945. Bayan Jones ma, Euan Murray na Sikotland ya daina wasan Lahadi, har bai yi wasansu da Ajantina a gasar duniya ta 2011 ba.

Amma akwai wani ɗan'uwa da ya bi wata hanya. Va'aiga Tuigamala, haifaffen Samowa, abokin wasan Jones ne cikin All Blacks, mai bi ne kuma na ƙwarai. Ya koma kulob na Wigan a Ingila, inda ake yin wani nau'in wasan mai mutum 13, yawanci kuwa ran Lahadi ake yinsa a lokacin. A can wani saurayi mai suna Jason Robinson, wanda shaye-shaye ya fara cin ƙarfinsa, ya lura da zamansa da salamarsa, ta haka ya karɓi Kristi. Robinson ya sha faɗar wannan da bakinsa. Tuigamala ya rasu a 2022.

To, wane ne ya yi daidai? Manzo Bulus ya taɓa wannan magana a Romawa 14:5-6, inda ya nuna cewa masu bi sukan bambanta a kan ranaku, ya kuma bukaci kowa ya tabbata a zuciyarsa, ya yi abin da yake yi domin Ubangiji. Fitowa 20:8-11 ta umarce mu da hutu mai tsarki, Markus 2:27 kuma ta tuna mana cewa domin amfanin mutum aka ba da hutun. Cikin ikkilisiyoyinmu akwai ma'aikatan jiyya, da 'yan sanda, da sojoji, da masu gadi, waɗanda dole su fita aiki ran Lahadi domin mu yi sujada lafiya. Kada kowa ya ɗauki wannan labari ya mai da shi bulala a kansu. Jones kansa ya yi shekaru yana wasa da mutanen da suke shiga fili ran Lahadi, suka rabu da mutunci.

Abin Da Ya Rage Mana

Abin da muke so matasanmu su riƙe shi ne yadda ya bi da al'amarin. Ya yanke shawara tun kafin gwaji ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daniyel ma tun farkon zamansa a Babila ya ƙudura a ransa a kan abincin sarki, shi ya sa ran da aka hana addu'a bai tsaya neman shawara ba. Wanda ya jira sai an ajiye masa kwantaragi a kan tebur kafin ya tambayi kansa abin da ya gaskata, yawanci kwantaragin ne zai amsa masa.

Ya kuma faɗa a fili tun da wuri, har masu zaɓe suka san abin da suke ɗauka. Sa'ad da suka ga ba za su iya ba, suka bar shi, ya karɓa. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke neman aiki, in akwai abin da lamirinku ba zai yarda da shi ba, ko aikin Lahadi ne, ko sa hannu a takardar ƙarya, ku faɗa ranar da ake ɗaukarku, ku kuma shirya jin amsar da ba ta yi muku daɗi ba.

Har wa yau, aikinsa na sauran kwana shida shi ya ba maganarsa nauyi. Ma'aikacin da ke makara ran Litinin, yana barci a ofis ran Talata, in ya ce ba zai zo ran Lahadi ba saboda sujada, dariya za a yi masa, a kuma zagi sunan Ubangiji ta dalilinsa. Kolosiyawa 3:23 ta kira mu mu yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji muke yi. Jones ya yi haka har gwiwarsa ta lalace sau biyu.

Mu iyaye kuma, da malaman Makarantar Lahadi, da matan Zumunta, mu tuna cewa gwauruwa ce ta kafa wannan harsashi a zuciyar maraya. Akwai irin waɗannan yara a kujerun baya na majami'unmu. Mu kuma tambayi kanmu da gaskiya: shi ya bar gasar duniya domin ranar Ubangiji, mu fa, da me muke musanya tamu? Sau da yawa ba ta wuce cinikin safe ba, ko barci, ko gidan kallon ƙwallo.

Ubangiji ya ba mu matasa masu faɗar magana su tsaya a kanta, ko an sāka musu a nan duniya ko ba a sāka ba. Amin.